Fataucin Sanda a Kurmin Ekuri

Da yawa daga sandunan da ake kasawa a bakin kara, irin masu santsi da ƙululu a kai waɗanda makiyayi kan gitta a kafaɗa ya rataye hannuwa, ba tsiron ƙasar Hausa ba ne. Daga kurmi ake hauro da su, daga dazuzzukan Kuros Riba da na tsallaken iyakar Kamaru. Wani ɗan siririn itace ne da ke rayuwa a ƙarƙashin inuwar manya, masana tsirrai suna ce masa Carpolobia. Ba ya saurin girma, shi ya sa yake da tauri, gara ba ta cin sa, kuma yakan tanƙwaru bai karye ba. Mutanen kurmi ba su ɗauke shi a bakin komai ba sai da fatakenmu suka sa masa kuɗi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗannan fatake. Mu mutanen ƙasar Safana ne, a gefen dajin Rugu. Da na gama sakandare a farkon shekarun 1990 ina zaman kashe wando a gida, sai ya ce wa tsohuwata ta ba shi ni in riƙa riƙe masa lissafi, tun da shi ajami kawai ya iya, mutanen can kuwa boko suke so su gani a takarda. Haka na fara bin bayan manyan motoci, ta Kaduna, Lafiya, Makurɗi, Gboko, Ogoja, har Ikom, garin da ke bakin kogin Kuros, inda 'yan'uwanmu ke da zango. Tun daga Ogoja iska take canzawa. Kaya ba sa bushewa a igiya, gishiri yana jiƙewa a kwano, ruwa kuma ba ya shawara kafin ya sauko.

Lissafin da aka ɗauko ni dominsa bai ci rabin yinina ba. Ainihin aikina gashi ne da miƙarwa. Ana hura wuta a dogon rami, a riƙa jujjuya ɗanyar sanda a kan garwashi har ɓawon ya fara tsagewa yana huci, sai a zare ta da zafinta, a sa tsakanin turaku biyu, a danna inda ta karkace, a kankare, a jingine ta huce. In ka yi nawa ta ƙone, in ka yi garaje ka cire ta ba ta gasu ba, ta ƙi miƙuwa. Kawu yakan ɗaga ta saitin ido ɗaya ya leƙa tsawonta, in ya ajiye ta a dama an ci, in ya jefa ta hagu sai ka sake. Har yau akwai tabon wutar nan a bayan hannuna.

Kuɗin sanda a kanta yake. Ƙululun nan da makiyayi ke shafawa kafin ya taya, gindin itacen ne, inda saiwa ta haɗu da jiki. Kafin a same shi sai an tona ƙasa an sare daga can ciki, itacen da aka yi wa haka kuwa ya tafi ke nan, ba zai sake toho ba. Masu saran samari ne 'yan ƙasa, Kawu yana ba su kuɗin kafin alƙalami, su kai wa mai garin da dajin ke hannunsa 'yar kwalba da ɗan abin da ba a rasa ba, su shiga. Babu mai ƙirga abin da suka fito da shi. Su da kansu suke faɗa mana cewa a da yini ɗaya ya isa a cika dami, ga shi yanzu sai sun yi sati suna kwana a daji, wasu ma sai sun ƙetara Kamaru su sauko da kayan cikin kwale-kwale. Farashi yana ta hawa a hannunmu, a Wudil da Maigatari kuwa makiyayi bai san wannan zance ba.

A cikin wannan matsi ne wani dillali ya yi wa Kawu zancen Ekuri. Ya ce akwai wasu garuruwa biyu a ƙaramar hukumar Akamkpa, Tsohuwar Ekuri da Sabuwar Ekuri, waɗanda gatari bai taɓa kurminsu ba, sai dai fa mutanen suna da taurin kai. Kawu ya ce ai bai taɓa ganin taurin kan da kuɗi bai lanƙwasa ba.

Ana sauka ne a Ochon, a kan titin Ikom zuwa Kalaba, a bi ta Okokori. Hanya ce ta jar ƙasa, ga hawa ga gangara, ga rafuka da aka ɗora musu gadoji. A lokacin ba ta ƙarasa Sabuwar Ekuri ba, inda mota ta gaji sai ƙafa ta karɓa. Ni ɗan gefen Rugu ne, ina ganin na san daji, amma ban taɓa shiga inda za ka ɗaga kai hula ta faɗi ba ka ga ƙarshen itace ba sai ranar. Ga loko, ga dangin maɗaci, gindinsu ya yi fuka-fuki har mutum ya fake a tsakani. Kwagiri ya sarƙe ko'ina da ƙayarsa. Da azahar ma duhu-duhu ne, sai da muka tambayi mai rakiyarmu gabas kafin mu yi salla.

An karɓe mu da mutunci. Al'adarsu baƙo ya gabatar da abin sha a gaban dattawa, Kawu ya ce addininsa bai yarda ba, ya ajiye goro da kilishi da kuɗin da za su maye gurbi, suka yi dariya suka karɓa. Da Turancin kasuwa aka yi magana, ni ne tafinta. Sai da suka bar shi ya gama bayaninsa tsaf, sannan wani mai matsakaicin shekaru ya buɗe wani babban littafi ya karanto sharuɗɗa. Duk ɗan kasuwar da ke son kayan dajinsu sai ya yi rajista da gari ya biya. Baƙo ba ya shigo da masu saransa, daga hannun 'yan gari zai saya. Kowane kaya da zai fita akwai kuɗinsa, a bakin shinge ake biya, a rubuta.

Kawu ya juyo ya dube ni. "Kai yaro, ka dai fassara daidai kuwa? Haraji a kan itacen da ba wanda ya shuka?"

Na mayar musu da tambayar yadda ta fi laushi. Mai littafin ya ce, "Alhaji, gadoji nawa kuka taka kafin ku iso? Ba gwamna ne ya yi su ba. Kuɗin ganyen miya ne."

Wani tsoho da bai ce uffan ba tun da aka zauna ya miƙo hannu a ba shi sandar Kawu. Ya juya ta, ya shafa ƙululun da babban yatsa, ya ce ya san itacen, kuma ya san yadda ake fitar da wannan kan. In dai a ƙasarsu ne, a sare daga sama a bar gindin a ƙasa. Kawu ya ce sanda ba kai ai rabin kuɗi ce. Tsohon ya ce to a biya rabin kuɗi, ko a bar ta inda take. A nan cinikin sanda ya mutu. Don kada a koma hannu rabbana, Kawu ya yi rajistar yana ƙunƙuni, muka sayi namijin goro da agbono.

Ruwa ya tsare mu a garin har rafuka suka janye, abin da ya ba ni damar yawo. Ganyen miyar da mai littafi ya ambata shi ne afang, ganyen wata igiya mai hawa itace, wanda Efik da Ibibio ba sa haɗa miyarsa da komai. Mata ke shiga su tsinko, su ɗaure ƙulli-ƙulli, 'yan kasuwa su kwashe zuwa Kalaba. Ƙa'idarsa a tsinki ganye a bar igiyar, ba a fizgo ta, ba a kayar da itacen da ta hau don a huta da ɗaga kai. Agbono kuma ƙwallon wani mangwaron daji ne. Ba a kaɗo shi, sai ya faɗo da kansa da damina a bi gindi a tsince. Na zauna da uwargidan mai masaukinmu tana fasa shi: ta dafe ƙwallon a kan kututture, ta sara da adda sau ɗaya ya rabe biyu, ta ƙwaƙulo farin cikin da bakin wuƙa, ta jera a kan ragar da ke saman murhu ya sha hayaƙi. Yatsunta duk tsofaffin yanka ne. Ta nuna mini ɗanta da ke sakandare a Ikom a hoto, ta nuna ragar, ba ta ƙara komai ba.

Wanda ya karya ƙa'ida tara ce a kansa, akuya ko abin sha ko kuɗi, gwargwadon laifi. A garuruwan yankin akwai ƙungiyar dattawa ta gargajiya da ake kira Ekpe, wadda in ta sa alama a kan abu ba mai taɓawa. Ni ban ga ɗan sanda ko ɗaya ba a zamana, ban kuma ga wanda ya yi kukan rashinsa ba.

Kada a ɗauka ba sa sare itace. Suna sarewa, sai dai da lissafi. Samarin garin sun kai ni wani yanki da suka auna, fili mai hekta 50, inda suka bi manyan itatuwa ɗaya bayan ɗaya suka sa musu lamba da fenti, suka rubuta irin kowanne da kaurinsa. Wanda faɗinsa bai kai santimita 70 ba daidai ƙirjin mutum, ba a taɓa shi. Wanda aka zaɓa, a nan inda ya faɗi ake tsaga shi da zarton inji, a fito da katakon a ka, ba katafila da za ta share hanya ta tattake ƙanana. In an gama da yanki sai a bar shi shekara 40 ya farfaɗo. Da na faɗa wa Kawu wannan da dare sai ya ce, "Shekara arba'in? Waɗannan mutane sun yi alkawari da Mala'ikan mutuwa ne?" Amma na ga ya yi shiru yana jan carbi, bai sake kiran su masu taurin kai ba.

A bakin mai masaukinmu na ji asalin abin. Kafin hanya, mutum yakan yi awa huɗu yana tafiya da kaya a ka kafin ya ga mota. Mai naƙuda da wanda maciji ya sara a kafaɗa ake ɗaukar su. Kamfanonin katako sun san da wannan ciwo, sai su zo da tayinsu: ku ba mu daji mu yi muku hanya. Garuruwa da dama a jihar sun karɓa. Mutanen Ekuri suka je suka ga yadda ta ƙare wa waɗancan: hanyar da aka yi don fitar da gungume ba ta wuce damina biyu ko uku, gadojinta na wucin gadi ne, ranar da katako ya ƙare kamfani ya naɗe tabarmarsa, a bar gari ba daji ba hanya. Sai suka ce za su yi tasu. Suka sa kuɗi a kan afang da agbono da kwagiri da asuwaki, suka riƙa tarawa, in ya taru a ɗauko hayar katafila ta yi iya kuɗinta ta tafi, sauran aikin a yi shi da gayya. A 1992 garuruwan biyu suka haɗe ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, Ekuri Initiative, don su riƙe kurminsu mai hekta 33,600 a matsayin abu guda da ba a rabawa. Hanyar, mai tsawon kusan kilomita 40, ta isa Sabuwar Ekuri a 1997.

Ba a ruwan sanyi aka kai nan ba, kuma ɓarakar daga cikin gida ta fara. Wani mai sarauta a Sabuwar Ekuri ya sa hannu a asirce ya ba kamfanin katako daji. Gari ya ƙi, aka tare injuna, magana ta kai kotu, kotu kuma takarda take dubawa. A tsakiyar shekarun 1990 aka ɗaure mutum shida daga garin, waɗanda suka gwammace kurkuku a kan su janye. Mun riga mun bar Ekuri lokacin da labarin ya iso zangon Ikom. Na tuna wani abokin cinikin Kawu yana cewa wannan ai wauta ce, mutum ya shiga gidan yari saboda itace. Kawu ya ce masa, "Kai dai ba ka taka gadar ba."

Duk da haka bai koma Ekuri sayen sanda ba. Ɗan kasuwa ne, inda araha take can ya nufa, ya ci gaba da karɓar kayan Kamaru har tafiyar masu sara ta yi nisan da riba ba ta biyan ta, ya koma fataucin manja. Ni kuma na samu gurbin karatu na dawo Arewa.

Abin da ya riƙa yi mini yawo a kai bayan na dawo shi ne namu dajin. A gonakin garinmu kowace ɗorawa da kuka da tsamiya tana da mai ita. Yaro bai isa ya kaɗo ɗorawar wani ba, in ya yi kafin ya iso gida labari ya riga shi. Amma kana ƙetare iyaka ka shiga Rugu, sunan ya koma dajin gwamnati. Tun zamanin Turawa aka shata shi aka ce ba namu ba ne, aka sa malamin daji da kakinsa da kekensa. Tsohuwa mai ɗan damin itace tana ganin sa ta yar ta ruga, motocin itace da gawayi kuwa suna fita da rana tsaka. Ban taɓa jin wani a garinmu ya ce a hana su ba. A kan me? Kayan gwamnati ne, in ba ka ɗiba ba wani zai ɗiba. Mu da muke kwana a bakinsa ba mu da ta cewa a kan wa zai shiga, wa zai yi sansani, wa zai kwana. Da ɓarayin shanu suka fara zama a ciki, haka muka zuba ido muna jiran masu shi su zo. Yau ko da rana ba mai kusantar wurin da muke zuwa cin kanya da ɗinya muna yara. Dalilan bala'in da ya auka wa yankinmu suna da yawa, ba zan rataya su duka a wuyan itace ba. Sai dai a Ekuri baƙo bai isa ya yi taku goma a kurmi ba a tambaye shi wurin wa ya zo ba.

Ba ma sai an je kurmi ba kafin a ga yadda mutane ke tsare abin da suka san nasu ne. Dangin mahaifina da ke ƙasar Maraɗi, tun shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato a bar tohon kututture a gona a riƙa gyara shi har ya zama itace. Abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ba wanda zai ci shi tara in ya sassabe reshe. An ƙiyasta cewa fili mai kimanin hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a kudancin Nijar ta wannan hanya.

Akwai abin da ya taimaki Ekuri wanda ba kowa ke da shi ba. Mutanen ba su da yawa, harshensu ɗaya, jininsu ɗaya, nisa kuma ya daɗe yana yi musu katanga. Kafa gandun dajin tarayya na Kuros Riba a maƙwabtansu a 1991 ya jawo ma'aikatan daji da ƙungiyoyin waje waɗanda suka koya musu awo da ƙidayar itace. A 2004 suka samu lambar yabo ta Equator, wadda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa, sunan shugabanninsu irin su Cif Edwin Ogar ya fita duniya. Amma lambar yabo ba takardar mallaka ba ce. Dokar filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Gadon kaka da kakanni yana nan daram muddin gwamna bai waiwayo ba.

Ya kuwa waiwayo, har sau biyu. A 2008 gwamnatin Liyel Imoke ta hana saran katako a duk faɗin jihar. Niyyar mai kyau ce, amma dokar ba ta bambanta mai lamba da fenti da mai shiga da dare ba. Masu bin ƙa'ida su ne suka ajiye zarto, suka rasa kuɗin gyaran hanya, ɓarayin katako kuwa dama ba izini suke nema ba. A ganina wannan ita ce cuta mafi zafi da aka yi wa Ekuri, don ta nuna wa samarinsu cewa mai lissafi da marar lissafi duk ɗaya ne a idon hukuma.

Na biyun ya fi yin ƙara. Gwamna Ben Ayade ya zo da shirin wani katafaren titi mai tsawon kilomita 260, daga gaɓar teku wajen Kalaba zuwa iyakar Binuwai, Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin a Oktoban 2015. A Janairun 2016 gwamnatin jihar ta fitar da sanarwar ƙwace ƙasa kilomita 10 dama da hagun titin, abin da ya haɗiye kurmin Ekuri da filayen garuruwa sama da 180. Katafiloli suka fara shara. Ina zaune a Katsina ina jin labarin a rediyo, na ce ashe tsohon tayin nan ne ya dawo, wannan karon da hatimin gwamnati. Mata da maza suka fito da kwalaye, aka tara sa hannun mutum sama da 250,000 daga ciki da wajen ƙasar aka kai Abuja. A Fabrairun 2017 gwamnati ta janye sanarwar ƙwacen, daga baya aka karkatar da titin daga kurmin, aikin ma bai je ko'ina ba. Kawu bai ga wannan ba, Allah ya yi masa rasuwa kafin nan.

A 2023 Gwamna Bassey Otu ya ɗage dokar hana saran katako. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci a sauran jihar, don haka idon 'yan katako yana kan inda suka rage. Dattawan da suka tara kuɗin hanya ƙulli-ƙulli suna ta ƙarewa, samarin da suka taso kuma suna son babur da waya kamar na ko'ina, itace guda kuwa yana iya saya musu duka biyun. A 'yan shekarun nan an sha jin mutanen Sabuwar Ekuri suna kokawa cewa an kutsa musu daji da manyan injuna ba da yardar gari ba. Masu sintirin da ke fita su tare injunan su ma samarin garin ne, da adda da takalmin roba, ba albashin kirki, kuma sau da yawa su ake fara kira ofishin 'yan sanda kafin a kira mai injin.